Ko Karɓar Aikin Koyarwa Yana Nufin Na Ajiye Ƙahona?

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27. Tun ina ɗan shekara 11 nake busa ƙahon nan na tagulla mai maɓalli uku da ake kira turampet, kuma kiɗan gargajiyar Turai na karanta a makarantar kiɗa, na gama shekara uku da suka wuce. Tun ina yaro burina ɗaya ne: in tsaya ni kaɗai a gaban okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa da mabusa, ina busa, a riƙa gayyata ta gari-gari. Na shiga gasa biyu, an fitar da ni a zagayen farko a ɗaya, a zagaye na biyu a ɗayar. Na je jarrabawar shiga okestira sau huɗu, sau ɗaya na kai zagayen ƙarshe amma wani aka ɗauka. Ganin haka na ƙara ƙaimi, yanzu ina busa awa shida zuwa bakwai kullum. Wata huɗu ke nan leɓena na sama yana kumbura, wani lokaci ya mutu kamar ba nawa ba, sautin sama kuma ya fara guje mini. Ban faɗa wa kowa ba.

Yanzu wata makarantar kiɗa ta yi mini tayin aikin koyar da yara da matasa, kwana huɗu a mako, da albashi tsayayye. Suna son amsa kafin ƙarshen wata. Mahaifiyata ta ce in karɓa. Abokina da muka yi karatu tare ya ce wanda ya kasa busa shi ne yake koyarwa, in na shiga aji na gama yawo. Malam, in na karɓa na ci amanar yaron nan da ya yi shekara goma sha shida yana wahala a kan abu ɗaya? In kuma na ƙi, me zan ci?

Naka,
Wani mabushi

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma kowane karo wuri ɗaya idona yake tsayawa, inda ka ce wata huɗu ke nan leɓenka yana kumbura yana mutuwa, ba ka faɗa wa kowa ba. Ka soke wannan magana a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba ce, ka ɗora tambayar aiki a kanta. Ni daga nan zan fara, domin in leɓen nan ya lalace, ba sauran zaɓi a hannunka, shi zai zaɓa maka.

Ka san abin da zan faɗa, amma bari ka ji shi daga bakin wani. Ƙaho bututu ne kawai mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi da aka lanƙwasa. Sautin daga leɓenka yake tasowa. In ka busa sautin nan da okestira take daidaita kayanta da shi, leɓenka yana karkarwa kimanin sau 440 a daƙiƙa ɗaya, in ka hau sama sosai sai adadin ya doshi dubu. Duk wannan aiki a kan 'yar tsokar da ta kewaye baki yake, ga ta matse tsakanin ƙarfe da haƙori. Abin da yake faruwa da kai sananne ne ga duk wanda ya daɗe a sana'ar. Leɓe ya gaji, sautin sama ya ƙi fita, sai hannun hagu ya danna bakin ƙahon a kan leɓe don a tilasta shi. Sautin ya fita yau, amma jini bai samu hanya ba, wuri ya kumbura. Gobe leɓe ya fi jiya taurin kai, sai zuciya ta ce ai ƙarancin atisaye ne, a ƙara awa ɗaya. Haka mutum zai yi ta haƙa rami yana zaton gini yake yi.

Manya ma ba su tsira ba. Louis Armstrong, wanda duniya ta san ƙarfin busarsa, leɓensa ya fashe a shekarun 1930 har ya ajiye ƙaho na tsawon watanni, kuma likitoci daga baya sun raɗa wa yagewar tsokar leɓe sunan laƙabinsa. Freddie Hubbard leɓensa ya tsage a 1992, ya ci gaba da busa a kan ciwon har wurin ya harbu, kuma bai sake komawa yadda yake ba. Su mabusan jaz ne, kai na wani fanni ne, amma naman baki iri ɗaya ne.

Don haka ka ajiye ƙahon a akwatinsa daga yau. Ka ga likita a makon nan, in da hali wanda ya saba duba makaɗa da mabusa, ka kuma ga likitan haƙori, domin wani lokaci gefen haƙori ɗaya mai kaifi ne yake cin leɓe daga ciki. Ka gaya musu maganar mutuwar leɓen ƙarara, kada ka rage, saboda mutuwar wuri tana iya nuna an danne jijiya, wannan kuwa aikinsu ne su tantance. In sun ba ka izinin komawa, ka koma kamar mai koyon tafiya bayan jinya: mintuna kaɗan, sauti mai taushi, a tsakiyar ƙaho, ba sama ba. Tsohuwar ƙa'idar malaman busa ita ce ka huta daidai da yadda ka busa. In ka yi minti goma, ka sauke na minti goma. Sannu a hankali ka kai awa biyu zuwa uku a rana, a rarrabe safe da rana da yamma. Sauran lokacin da kake son bai wa kiɗa, ka ba shi ba tare da ƙarfe a baki ba: ka rera abin da za ka busa da muryarka, ka motsa yatsu a kan maɓallai kana hura iska kawai, ka zauna da takardar kiɗan gaba ɗaya ka ga abin da sauran kayan suke yi lokacin da kake busa. Ka kuma je wurin tsohon malaminka ka faɗa masa gaskiya. Ɓoye ciwo don kada a ce ka gaza shi ne babban kuskuren da ke cikin wasiƙarka, ya fi faɗuwa gasa nesa ba kusa ba.

To, mu zo ga burin. Ba zan raina shi ba, don na san zafinsa. Amma ina so ka kalle shi da idon babba, ka tambayi kanka: aikin nan da kake nema, na mutumin da ba ya komai sai tsayawa gaban okestira da ƙaho, mutum nawa ne suke yinsa a duniya? In ka zauna lissafi, da wuya ka cika yatsun hannuwanka biyu da ƙafafu. Dalilin kuma ba ƙarancin gwanaye ba ne, tarihin ƙahon ne ya jawo.

Tsohon ƙaho ba shi da maɓalli. Sautuka ƙalilan yake iya fitarwa a ƙasa, sai an hau sama ƙwarai kafin a samu jerin da za a yi waƙa da shi. Shi ya sa abin da Bach, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, ya rubuta masa yake can ƙololuwa, har yau yana firgita mabusa. A 1796 Haydn ya tsara konsaton nan da ka haddace tun kana makaranta, wato dogon kiɗan da mabushi ɗaya yake gaba okestira tana mara masa baya. Ya tsara shi ne domin Anton Weidinger, wanda ya fito da ƙaho mai ramuka da murafu, kuma sai a 1800 aka fara busa shi a Vienna. Hummel ya biyo da nasa a 1803, domin mutumin nan dai. Daga nan sai shiru mai tsawo. An yi rajistar ƙirƙirar bawul, wato maɓallan ƙaho, a ƙasar Jamus ta yanzu a 1818, ƙaho ya samu dukkan sautukansa, amma manyan matsara kiɗa na ƙarnin ba su waiwaye shi a matsayin na gaba ba. Beethoven ya bar konsaton piyano biyar da na goge ɗaya, bai bar na ƙaho ba. Brahms bai yi ba, Tchaikovsky bai yi ba. Sai tsakiyar ƙarni na ashirin aka samu irin na Tomasi a 1948 da na Arutiunian a 1950. Saboda haka okestira in tana tsara shirin shekara, tana da tulin abin da za ta gayyaci mai piyano ko mai goge ya yi, mai ƙaho kuwa in an tuna da shi sau ɗaya a shekara an yi ƙoƙari, kuma sau da yawa babban mabushinta na gida za ta miƙar ya yi. Ƙofar da kake bugawa ƙarama ce tun asali. Rashin buɗewarta a shekara uku bai ce komai a kan darajarka ba.

Yanzu dubi mutumin da ya faɗaɗa ƙofar da hannunsa, Maurice André na Faransa. An haife shi a 1933 a Alès, cikin iyalin masu haƙar kwal, shi ma ya shiga ramin yana ɗan shekara 14. Ya je babbar makarantar kiɗa ta Faris ta hanyar shiga ƙungiyar busa ta soja. Ya ci gasar Geneva a 1955, amma wannan bai mayar da shi tauraro washegari ba. Shekaru ya yi yana zaune a kujerar okestira, yana busa abin da aka ajiye masa. Sai da ya ci gasar Munich a 1963, yana da shekara 30, sunansa ya game duniya. Me ya yi bayan shekara huɗu da wannan nasara, lokacin da kowane zaure yake nemansa? A 1967 ya karɓi aikin koyarwa a makarantar da ta yaye shi, ya yi fiye da shekara goma yana yi, ya yaye irin su Guy Touvron da Bernard Soustrot. Da ya ga kiɗan da aka rubuta wa ƙaho bai ishe shi ba, sai ya ɗauki ƙaramin ƙahon pikolo ya riƙa juyo kiɗan da aka tsara wa goge da sarewa da sauransu yana busawa. Bai jira a kawo masa ba.

Ba shi kaɗai ba ne. Timofei Dokshizer, wanda faifansa ya sa duniya ta san konsaton Arutiunian, yana busa a gidan wasan Bolshoi yana kuma koyarwa a makarantar Gnessin a Mosko. William Vacchiano ya zauna a okestirar New York daga 1935 zuwa 1973, ya kuma yi fiye da shekara sittin yana koyarwa a makarantar kiɗa ta Juilliard. Vincent Cichowicz ya bar kujerarsa a okestirar Shikago a 1974, ɗaya daga cikin kujerun da mabusa suke mafarki, ya koma koyarwa ɗungurungum a jami'ar Northwestern, kuma atisayen numfashi da gudanar sauti da ya tsara wa ɗalibansa su ne dubban mabusa suke buɗe safiya da su. Håkan Hardenberger na Suwidin, da ake lissafa shi cikin manyan masu busa a raye, malami ne a makarantar kiɗa ta Malmö, garin haihuwarsa. Littafin atisayen da na tabbata yana kan teburinka, na Arban, ya fito tun 1864, kuma mai shi gwanin dandamali ne da ya zama malami a makarantar Faris. In maganar abokinka gaskiya ce, duk waɗannan kasawa suka yi. Ka bar maganar nan inda ka tsince ta. Mai yiwuwa shi ma tsoro ne yake cinsa, irin wanda yake cinka, sai ya fito masa ta wannan hanya. Kada ka yi fushi da shi, kada kuma ka ɗora rayuwarka a kan furucinsa.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarka da ka ambata kamar faɗuwa, ni kuwa na gan shi a matsayin labari mai daɗi. Ka kai zagayen ƙarshe a jarrabawar okestira sau ɗaya cikin huɗu. Ka san yadda abin yake. Babbar okestira tana da masu goge kusan talatin, amma masu ƙaho uku ne ko huɗu, kuma wanda ya samu kujera yakan daɗe a kanta: Adolph Herseth ya riƙe ta farko a Shikago daga 1948 zuwa 2001, shekara 53 cur. In kujera ta buɗe, mutane su yi ca a kanta, a sa labule tsakanin mai busa da alƙalai, a ba kowa 'yan mintuna ya busa gutsattsarin da aka zaɓa, irin mabuɗin simfoni na biyar na Mahler, dogon kiɗan da ya tsara wa okestira, inda ƙaho yake fara magana shi kaɗai cikin shiru. Sauti ɗaya ya tsage, sai ka ji an ce an gode. Wanda ya ratsa wannan ya kai ƙarshe, kunnuwan ƙwararru ne suka shaida cewa ya isa. A zagayen ƙarshe sau da yawa ba a neman wanda ya fi iyawa, ana neman wanda sautinsa zai haɗu da na mutanen da ke zaune a sashen ne. Don haka sakamakonka yana nuna cewa ka fi kusa da kujerar okestira fiye da kambun gasa. Wannan ya cancanci ka zauna ka yi tunani a kansa, ko da ba shi ne hoton da ka zana tun kana yaro ba.

Shawarata ita ce ka karɓi aikin. Amma dalilin da za ka karɓe shi yana da muhimmanci kamar karɓar kanta, kuma a nan zan ɗan daɗe.

In ka shiga ajin nan da zuciyar da babu gara ba daɗi, yara za su gane cikin mako biyu. Yaro ba ya buƙatar a faɗa masa cewa malaminsa ya so a ce yana wani wuri. Ina faɗa maka wannan ne daga abin da na aikata. Lokacin da na fara koyarwa, raina a ɓace yake da duniya, ina ganin an hana ni abin da na cancanta. Akwai wata yarinya 'yar shekara goma sha biyu da take zuwa da murna, sautinta siriri ne amma kunnenta mai kyau ne ƙwarai. Na riƙa auna ta da ma'aunin gasar da na faɗi. Kowane darasi gyara ne, babu ranar da na ce mata wannan ya yi daɗi, sake busa mini in ji. Wata rana ba ta zo ba, mako ya zagayo ba ta zo ba, daga baya aka aiko da ƙahon da aka ara mata. Shekaru sun shuɗe, har yau in na tuna sai na ji nauyi a ƙirjina, domin ba ƙaho ne ya kore ta ba, ni ne. Ba na so wani yaro ya biya bashin gasar da ka faɗi. Idan ka duba zuciyarka ka ga ba za ka iya tsayawa gaban ɗan shekara tara da ke fitar da sauti mai kama da kukan ƙofa ba tare da ƙyashi ko ƙosawa ba, to ka ce wa makarantar a'a, ka nemi wani abin yi da zai riƙe ka. Wannan ya fi adalci.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Kafin ƙarshen watan, ka roƙi makarantar ta bar ka ka zauna a bayan aji kwana biyu, ka kuma gwada darasi ɗaya ko biyu da kanka. Ka lura da abin da kake ji lokacin da yaron da ya yi minti ashirin yana hura iska banza ya fitar da sautinsa na farko, ya zaro ido yana kallonka. In wani abu ya motsa a cikinka, kai malami ne, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Sannan ka sani koyarwa sana'a ce mai zaman kanta, iya busa ba ya wadatar da ita. Abubuwa da yawa da jikinka yake yi ba ka taɓa sa musu suna ba. Yaro zai tambaye ka yadda ake hawa sama, ka buɗe baki ka ga ba ka da amsa sai ka ce yi kamar haka. Dole ka koyi kallon haƙoran yaro da faɗin leɓensa kafin ka zaɓa masa bakin ƙaho, ka gane wanda yake ɗaga kafaɗa in zai ja numfashi, da wanda yake toshe iska da maƙogwaro, da wanda matsalarsa ba a baki take ba, a kunne take, bai ji sautin a kansa ba kafin ya busa. Ƙananan yara hannunsu bai kai riƙe dogon ƙaho ba, shi ya sa malamai da yawa suke fara su da konet, wanda ya fi gajarta a hannu. Kuma itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: yaron da ka bari ya saba danna ƙarfe a leɓe yana ɗan shekara goma, shi ne zai rubuto irin wasiƙarka yana ɗan ashirin da bakwai. Ciwon da kake ciki yanzu, in ka fita daga cikinsa da fahimta, zai zama abu mafi amfani da za ka shiga aji da shi.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aji yake gyara busar malami. Za ka yini kana ce wa yara su ja numfashi a sake, su rera kafin su busa, su bar iska ta yi aiki. Ba za ka iya faɗin haka sau ashirin a rana ba sannan ka koma ɗaki da dare ka yi akasinsa ba tare da ka kama kanka ba. Dogayen sautukan nan masu taushi da za ka riƙa busawa tare da masu koyo, su ne ainihin abin da leɓenka yake buƙata a wannan shekara. Ga kuma kwanciyar hankali. Mutumin da ya shiga bayan labule yana sane cewa in bai ci ba babu kuɗin haya, numfashinsa a sama yake tsayawa, alƙalai kuma suna jin haka a sautin farko. Wanda ya shiga da albashinsa a aljihu da ɗalibai suna jiransa ranar Litinin, busarsa daban take fita.

Sai dai kada ka sa hannu a takarda ido rufe. Ka tambaye su tun yanzu, a rubuce: in jarrabawar okestira ko gasa ko gayyatar wasa ta taso a tsakiyar zango, za su ba ka kwanaki ka rama darussan daga baya? Ɗalibai nawa ne a rana, kuma akwai hutu tsakaninsu? Za ka iya amfani da ɗakin makarantar don atisayenka kafin yara su iso? Makarantar da ta san ciwon kanta tana alfahari da malamin da yake hawa dandamali, domin yaran da suka ga malaminsu yana busa a gaban jama'a ba sa buƙatar a roƙe su su yi atisaye. In suka ƙi duk waɗannan, ka san irin gidan da za ka shiga. Kuma lokacinka na busa ka sa shi da safe, kafin aji, lokacin da leɓe da ƙwaƙwalwa suke sabbi. Wanda ya ce sai ya dawo da yamma zai yi, a hankali ƙahon yake komawa ƙarƙashin gado, kuma wannan ita ce hanyar da tsoron abokinka yake zama gaskiya.

Kwana huɗu aka ce maka. Saura uku a hannunka, kuma a cikinsu ne za ka gina mabushin da kake son zama. Manyan gasa yawanci suna rufe ƙofa wajen shekara 30, wasu kuma kamar ta Munich ba kowace shekara suke sa ƙaho ba, juyawa suke yi tsakanin kayan kiɗa. Ka duba wadda za ta faɗo cikin shekarunka, ka zaɓi ɗaya, ka shirya mata da leɓe mai lafiya. Jarrabawar okestira kuma ka riƙa zuwa wadda ka ga ta dace da sautinka, ba kowace ba. Amma kada ka jingina komai ga alƙalai. Nemi mai ogan ko mai piyano da jininku ya haɗu ku tsara shirin awa ɗaya, ku kai shi ƙananan zauruka. Haɗa ƙungiyar mabusan tagulla biyar, wadda dama ƙaho biyu take ɗauka. Ka je wurin matasan da suke karanta tsara kiɗa ka ce su rubuta maka, su ma neman wanda zai busa aikinsu suke yi. Hardenberger da haka ya yi suna, ya sa manyan matsara irin su Birtwistle da Takemitsu da Gruber suka rubuta wa ƙaho sabon abu, ya zama in ana son jin waɗannan ayyuka shi ake nema. Kai ma kana iya farawa daga inda kake, da mutanen da suke kusa da kai. Tsayawa gaban mutum sittin ka busa musu abin da ya taɓa zuciyarsu busa ce ta gaske, ba sharar fage ba ce.

Ka yanka wa kanka wa'adi, ka ce shekara uku, zuwa ka cika talatin. A ƙarshensu ka zauna da malaminka da wani ƙwararre da ba ya jin kunyarka, ku saurari abin da ka naɗa a farko da na ƙarshe, ku duba gayyata nawa ta zo, zagaye nawa ka kai. A lokacin za ka yanke hukunci da hujja a hannu, ba da kumburarren leɓe da rashin barci ba.

Ka tambaye ni ko ka ci amanar yaron nan ɗan shekara 11. Ka tuna ranar da ya fara ɗaukar ƙaho. Akwai wani babba a ɗakin da ya gyara masa riƙo, ya nuna masa inda zai sa baki, ya jure sautin da ya fito bai yamutsa fuska ba. Ba don mutumin nan ba, da babu wasiƙar da za ka rubuto mini. Mahaifiyarka kuma ka zauna da ita ka gaya mata duka, har da maganar leɓen, ka kuma gaya mata cewa karɓar aikin ba ajiye busa ba ne, don kada ta yi mamaki in ta ga kana haɗa jaka za ka tafi jarrabawa.

Ina jiran wasiƙarka ta biyu. Ka faɗa mini abin da likita ya ce, da amsar da makarantar ta bayar a kan kwanakin tafiya, da abin da ka ji a ranka a kwana biyun da ka zauna a bayan aji. Allah ya ba ka lafiya, ya sa albarka a numfashinka.